Saƙo Ɗaya, Akwati 840,000



Yau kan imel za mu yi magana, wanda ake tura wa kowa da kowa a tashi ɗaya. Mu ɗauki makaranta irin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011. In malamai da ma'aikata da ɗalibai kowa na da akwatinsa a kan sabar makaranta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatunan, mai kula da ita kan tattara sunayen duka a ƙarƙashin adireshi guda. A tura wa adireshin saƙo ɗaya, sai ta kwafe shi ta zuba wa kowa. Kamar dai sanƙira ya zaga garin Kurfi da shelar hakimi. Sai dai shi sanƙira in ya gama, mutanen gari ba sa karɓe gangar su ma su fara yi wa gari shela. A imel kuwa ana yi.

Ku saurari abin da ya faru a Ingila. Ranar Litinin, 14 ga Nuwamba 2016, a hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, wani saƙon gwaji ya kuɓuce. Gwaji ne kawai, ba wata sanarwa a ciki. Sai ga shi a akwatunan ma'aikata kusan 840,000. Dubu ɗari takwas da arba'in, jama'a! Da kowa ya share ya yi shiru, da magana ta mutu nan. Amma ina! Wannan ya rubuto a cire sunansa, wancan ya rubuto a daina damunsa, wani kuma ya tashi yana yi wa sauran faɗa su daina amsawa, kuma duk maɓallin amsa wa kowa suke dannawa. Kowace amsa ta sake zagaye akwati 840,000. Ku lissafa da ni: amsa 100 kacal ta zama saƙo miliyan 84. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan hanyar ce likitoci ke aika wa juna bayanan marasa lafiya, ga ta ta cushe, saƙonni na makara.

Kamfanin Microsoft ma ya taɓa shan irinta a 1997, da jerin ma'aikata wajen 13,000.

Ni ban ga laifin masu amsawa sosai ba, mutum ne ya ga abin da bai shafe shi ba. Nauyin na kan mai kula da sabar. Ya kulle adireshin, ya zamana mutum biyu ko uku ne kaɗai ke da izinin tura masa saƙo, kamar ofishin rajistara. Gwaji kuma ya yi shi a kan akwatinsa tukuna. Ke ko kai da saƙon ya faɗo wa, in akwai magana, a amsa wa wanda ya aiko shi kaɗai.