Daga Bola Zuwa Masana'anta: Yadda Kamfanonin Lemo Ke Dawo Da Kwalabe Da Robobinsu

Duk wanda ya taɓa shan lemon kwalba a shago cikin Gummi ya san dokar: ko ya shanye nan take, ko ya bar kuɗin ajiya har sai ya dawo da kwalbar. Wannan ita ce tsohuwar dabarar kamfanoni. Dillali yana tara kwalaben cikin kiret, mota ta mayar da su masana'anta irin ta Coca-Cola da ke Challawa a Kano, inji ya wanke su da ruwan zafi da sinadari, na'ura ta tantance masu tsagewa, sannan a sake cika su.

Matsalar ta taso ne da robar lemo ta mamaye kasuwa. Ita ba a biya mata kuɗin ajiya, shi ya sa take ƙarewa a kwata, ta toshe hanyar ruwa da damina.

Me kamfanonin ke yi?

Hukumar NESREA ta ɗora wa kamfanoni alhakin sharar kayansu. A 2018 Coca-Cola da Nestlé da Seven-Up da Nigerian Breweries suka haɗu a ƙungiyar FBRA domin tallafa wa masu tattara robobi. An kuma sauya robar Sprite daga koriya zuwa fara garau, saboda farar ta fi sauƙin sarrafawa, ta kuma fi daraja wajen masu saye.

Yadda ake sarrafa ta

Idan mai karatu ya juya gindin robar, sau da yawa zai ga lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku. Wannan na nufin PET ce. Ana ware ta bisa launi, a cire marfi da takarda, a niƙa, a wanke, a narkar. Daga nan ta zama zaren tufafi da cikon filo, ko sabuwar roba.

A Legas har waya ta shiga harkar. Manhajar Pakam tana haɗa gidaje da masu kwasar robobi, Wecyclers kuwa tun 2012 take bai wa mutane maki gwargwadon nauyin abin da suka tara.

To, a Gummi fa?

Nan aikin yana hannun 'yan gwangwan da mata masu zoɓo da kunun aya, yayin da gwangwanin maltina ke komawa tukunyar dalma. Sai dai akwai abin lura: robar da aka tsinto a bola, ba a san me ta taɓa ɗauka ba, ko fetur ko maganin feshi. Ɗauraya kaɗai ba ta wadatar.

Matashin da ke neman sana'a na iya buɗe zauren WhatsApp na unguwa, ya riƙa tara robobi daga shaguna da gidajen biki. Amma kafin ya sayi buhun farko, ya fara samun mai saye, ya ji farashin kilo, ya lissafa kuɗin mota. Roba ba ta da nauyi amma tana cin wuri, don haka ribar tana ga wanda ya matse ta kafin lodi.