Tiyatar Faɗaɗa Muƙamuƙin Sama: Me Take Yi Wa Haƙora da Fuska?

Mai karatu, wata baiwar Allah daga unguwar Ridina a nan Injamena ta bugo mana waya a shirin lafiya na wannan mako. Likita ya ce muƙamuƙin ɗanta na sama ya yi matsatsi, sai an faɗaɗa shi. Tambayarta ɗaya ce: fuskar yaron za ta canza? Amsar ita ce eh, amma ba kamar yadda take tsoro ba.

Ka taɓa ganɗarka da harshe. Ƙasusuwa biyu ne a wurin, dama da hagu, da ɗinki a tsakiya. A wajen yaro ɗinkin bai kama ba, don haka ɗan ƙarfe mai noti da ake ɗaurawa a turame ya isa ya buɗa shi. Wani likitan haƙori a Amurka, Emerson Angell, ya bayyana dabarar tun 1860. Amma idan mutum ya balaga, ƙashin ya riga ya haɗe. To a nan ne ake tiyata: a tsaga ƙashin ta cikin baki, a jira kamar mako guda, sannan a fara murɗa notin kullum. Kowane murɗi kusan rubu'in milimita ne.

Abin da ka fara gani shi ne wushirya. Haƙoran gaba biyu za su rabu, wani lokaci har ta yi faɗi sosai. Mu da muke ɗaukar wushirya ado, kada mu yi saurin murna, wannan ta aro ce! Alama ce kawai cewa ƙashi ya buɗe, kuma a hankali takan rufe, ko likita ya rufe ta da wayar gyaran haƙora. Turame kuwa sukan ɗan karkata waje, wasu mutanen dasashinsu ya ja baya. Shi ya sa ake barin ƙarfen a baki watanni bayan an daina murɗawa, sai sabon ƙashi ya cike gurbin. Wanda ya yi gaggawar cirewa, wani ɓangare na faɗin zai koma.

A fuska, hanci ne ya fi nunawa, domin rufin baki shi ne daɓen hanci. Gindin hanci yakan ƙara faɗi kaɗan, da yawa kuma sukan ji numfashi ta hanci ya yi sauƙi. Kumburi, haɓo da mutuwar leɓe na ɗan lokaci duk suna faruwa.

Ni dai abin da na ce mata, ta fara tambayar likitan ko shekarun yaron sun wuce na ƙarfe zalla. In tiyata ta zama dole, aikin likitan tiyatar baki da fuska ne tare da mai gyaran jerin haƙora. Masu ƙetarawa Najeriya neman magani, akwai sashen tiyatar baki da fuska a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri da na Malam Aminu Kano.