Nono, Gero da Ƙwayoyin Hanji: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Ƙiba

A Yekuwa da sauran garuruwan Magarya da Dungas, da wuya rana ta faɗi ba a dama fura da nono ba. Kun san cewa madara takan yi tsami idan ta kwana a ƙwarya. Abin da ke sa ta tsami wasu ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Ana kiransu bakteriya. Ba dukkansu ne ke kawo cuta ba. Akwai miliyoyin miliyoyinsu a cikin hanjin kowane mutum, kuma da yawansu aiki suke yi masa.

Wane aiki suke yi?

Akwai ɓangaren abinci da cikin mutum ba ya iya narkarwa, kamar dusar gero, ɓawon wake da zaren ganye. Wannan ɓangare yakan wuce zuwa babban hanji, inda ƙwayoyin ke cinye shi. Daga nan sai su fitar da wasu sinadarai masu ƙarfafa bangon hanji, masu kuma taimaka wa mutum ya ji ya ƙoshi. Idan ƙwayoyi masu amfani sun yi yawa, masu kawo gudawa ba sa samun wurin zama cikin sauƙi.

A shekarar 2001, Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana ma'anar firobayotik. Shi ne ƙwayoyi masu rai da ke amfanar lafiya idan an sha su da isasshen yawa. Nono da kindirmo suna ɗauke da dangin waɗannan ƙwayoyi. Koko ma daga gasara mai tsami ake yin sa, amma zafin dahuwa yakan kashe mafi yawan ƙwayoyinsa.

Mece ce alaƙarsu da ƙiba?

A shekarar 2013, masu bincike a Amurka sun nemo tagwaye, ɗaya mai ƙiba, ɗaya siriri. Suka ɗebi ƙwayoyin hanjinsu suka sa wa ɓerayen da ba su da ƙwayoyi ko kaɗan. Ɓerayen da suka samu na mai ƙiba sun fi tara kitse. Da aka haɗa ɓerayen a wuri ɗaya, ƙwayoyin siririn sun shiga cikin sauran, sun kuma rage musu tara kitse. Amma hakan ya faru ne idan abincinsu na da ganye da 'ya'yan itace da yawa. Da aka ba su abinci mai maiƙo da ƙarancin ganye, kariyar ba ta samu ba.

Wani bincike na shekarar 2010 ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da yaran birnin Fulorens a Italiya. Yaran ƙauyen suna cin gero, dawa, wake da ganye, kamar yadda kuke ci. An samu cewa ire-iren ƙwayoyin hanjinsu sun fi yawa, haka ma sinadaran nan masu amfani.

Darasin a fili yake. Ƙwayoyi masu amfani kamar dabbobin kiwo suke: wanda ya sayi tunkiya bai ba ta harawa ba, ba zai ga amfaninta ba. Shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi wa mutane suka nuna cewa shan firobayotik kaɗai ba ya rage nauyi, sai ɗan kaɗan. Kada wani mai talla ya ruɗe ku da cewa yana da maganin teɓa a kwalba.

Me ya sa wannan ya shafe ku?

A ƙauyukanmu tamowar yara ta fi ƙiba damun jama'a. Amma abinci yana canzawa. Farar shinkafa, taliya, burodi, lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa suna shigowa kasuwanninmu. Waɗannan ba su da abin da ƙwayoyin hanji ke ci. Ƙibar da ta wuce kima ba alamar hutu ba ce kawai. Takan jawo ciwon sukari da hawan jini.

Abin da za ku yi

1. Ku tafasa madara, ta huce, sannan ku zuba mata ɗan tsohon nono mai kyau. Ɗanyar madara na iya ɗauke da cuta daga dabba.

2. Ku dama fura da ruwa mai tsabta, a ƙwarya wankakkiya, ku rage sukari.

3. Kada ku surfe gero fiye da kima. Ku yawaita wake, zogale, rama, yakuwa da miyar kuka.

4. Kada ku sayi kafso ko maganin ƙara ƙiba a tebur. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan kashe har da masu amfani. Ku sha shi idan ma'aikacin lafiya ne ya rubuta.

5. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ba shi. Shi ne ke ciyar da ƙwayoyin hanjinsa na farko.

Idan yaro yana gudawa ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada ku tsaya ga nono. Ku ba shi ruwan gishiri da sukari idan gudawa ce, ku kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.