Abin da ke kashe furannin tukwane da na kwandunan rataye a gidajen birni

A gefen manyan titunan Abuja, inda masu renon shuke-shuke ke jera hajarsu, furanni kan kasance shar da su, kowanne ya cika da toho. Mai saye ya biya kuɗi ya kai gida, ya rataya kwandon a baranda ko ya ajiye tukunyar a bakin ƙofa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ganyen ƙasa ya soma zama rawaya, furen ya ragu, reshe ya miƙe siriri. Daga nan zargi ya koma kan mai sayarwa, a ce ya yi wa shukar wani siddabaru. Sau da yawa yunwa ce kawai ta kama ta.

Shukar da ke cikin ƙasa tana miƙa saiwarta duk inda ta ga dama, ta nemo abinci. Wadda ke cikin tukunya kuwa ba ta da komai sai 'yar ƙasar da aka zuba mata. Duk lokacin da aka yi ban ruwa har ruwan ya tsiyaye ta hujin gindin tukunyar, yana tafiya da wani kaso na abincin, musamman naitirojin. Kwandon rataye ya fi shan wannan wahala, domin iska na kaɗa shi ta kowane gefe, ya bushe da wuri, a riƙa ba shi ruwa kullum, a watannin Maris da Afrilu ma har sau biyu a yini. Yawan ban ruwan da ke raya shi shi ne kuma ke wanke masa abinci. Haka abin yake da damina ga tukwanen da ke tsakar gida.

Sai dai mutane da dama, da zarar sun gane yunwa ce, sukan faɗa kuskuren da ya fi na farko muni. Takin da ya fi sauƙin samu a kasuwa shi ne na manoman masara da shinkafa: yuriya, wadda ake sarrafawa a masana'antar Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas da ta Ɗangote da ke Lekki a Legas, da kuma kamfa, wato NPK. Yuriya na ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, ba ta da sauran sinadaran biyu. A gona albarka ce. A cikin tukunyar da ba ta wuce bokiti ba, cikin tafin hannu ɗaya ya isa ya ƙone saiwa cikin 'yan kwanaki. Ko da shukar ta tsira, ganye za ta yi ta fitarwa, kore shar, fure kuwa sai dai a ji labari.

Lambobi ukun da ke jikin buhu, kamar 15:15:15 ko 20:10:10, suna nuna adadin naitirojin da fosforas da fotashiyam ne bi da bi. Na farko ganye yake ginawa, na biyu yana taimakon saiwa, na uku kuma shi ne ya fi amfani ga fure da juriyar shuka. Don haka 20:10:10 bai dace da mai neman fure ba kamar 15:15:15. Shi ma ɗin, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ishi matsakaiciyar tukunya a wata, a barbaɗa shi ta bakin tukunyar nesa da gindin shukar, a bi shi da ruwa. Ba a zuba taki a busasshiyar ƙasa. A fara jiƙa ta tukuna.

Ga kwandon rataye, takin da ake narkarwa a ruwa ya fi dacewa, a ba shi kaɗan-kaɗan duk mako ko mako biyu, a kan rabin ma'aunin da aka rubuta a jikin kwali. Akwai kuma ƙwayoyin taki masu narkewa a hankali, irin su Osmocote, waɗanda ake cakuɗawa da ƙasa tun wajen dashe. Watannin da aka rubuta cewa za su yi suna aiki an auna su ne a kan ɗumin ƙasa na kusan digiri 21, saboda haka a zafin Abuja ko Lakwaja sun fi saurin ƙarewa fiye da yadda za su yi a sanyin Jos.

Takin gargajiya yana da nasa matsayi, amma sai ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa kamar yuriya, ga wari, ga ƙudaje a baranda. Toka na ba da fotashiyam, sai dai tana rage tsamin ƙasa, kuma furanni irin su ixora sun fi son ƙasa mai ɗan tsami. Idan aka ga sabon ganyensu ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, alama ce ta cewa sun kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, kuma ƙarin kamfa ba zai magance hakan ba.

Ba kowane fure ne mai yawan ci ba. Petunia ba ta ƙoshi, ita ce ke fara nuna yunwa a cikin kwando. Bougainvillea kuwa, wadda ta ƙawata katangun gidaje da dama a birnin, ta fi yin fure idan aka ɗan hana ta ruwa da taki. Kariya, wadda ke ajiye ruwa a kaurin gindinta, taki kaɗan take so, kuma idan ta zubar da ganye da hunturu gara a dakatar da shi baki ɗaya har ta sake toho.

Farin ɓawon da kan fito a saman ƙasa ko a bakin tukunyar yumɓu gishirin taki ne, ko na ruwan rijiyar burtsatse, da ya taru. Maganinsa a kankare shi, a kwarara ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa sau biyu ko uku, sannan a bar shukar ta huta mako biyu kafin a sake ba ta wani taki.