Rancen gida a Birnin Kebbi: abin da waya za ta warware kafin ranar zuwa banki

Matashin ma'aikaci a Birnin Kebbi da ake cire masa kashi 2.5 na albashi duk wata zuwa asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, yana da damar neman rancen gida da zarar ya cika wata 6 yana biya. An kafa asusun a 1992, bankin FMBN ne ke kula da shi, ruwansa kashi 6 ne a shekara, kuma biyan na iya kaiwa shekara 30. Ba a FMBN ake miƙa takardu kai tsaye ba, ana bi ne ta bankin lamunin gidaje mai lasisin Babban Bankin Najeriya. A nan ne ake zaman farko, kuma a nan fayil ɗin mutane da dama ke maƙalewa, galibi a kan suna.

A Kebbi mutum ɗaya kan ɗauki suna uku bai sani ba. A katin NIN Muhammad Sani ne, a BVN an rubuta Mohammed, a takardar albashi kuma an liƙa masa sunan gari, Argungu ko Jega ko Gwandu, tun daga rajistar firamare. Maƙwabta sun san mutum ɗaya ne. Kwamfutar banki ba ta san haka ba. Haka ma ranar haihuwa: wanda aka cike wa 1 ga Janairu a wani wuri, ranar gaskiya kuma a wani, zai ji an ce ya je ya gyara ya dawo.

Wannan binciken ba ya buƙatar hawa kabu-kabu. Lambar *346# na nuna NIN, *565*0# na nuna BVN, muddin da layin da aka yi rajista aka danna, kuma ana cire ɗan kuɗi. Manhajar banki da ta NIMC za su nuna yadda aka rubuta sunan, sai a jera su da takardar albashi a duba harafi bayan harafi. Idan an ga saɓani, NIMC na da shafin gyara a intanet, BVN kuma sai a reshen banki, wani lokaci da takardar rantsuwa daga kotu. Gyaran kan ci makonni, don haka da shi ya kamata a fara.

Sai kuɗin NHF ɗin kansa. Ganin an cire a albashi ba ya nufin sun shiga asusun da sunan mai su. FMBN ya fito da lambar *219# da shafin intanet don duba abin da aka tara. Watan da ya ɓace, a ofishin biyan albashi ake bin sawunsa.

Manhajojin bashin nan take ma suna da hannu. Bankuna na duba tarihin mutum a kamfanoni irin su CRC da FirstCentral, kuma 'yan dubban da aka ci aka manta na iya fitowa a can. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Gara ya gani da idonsa kafin jami'in banki ya karanta masa.

Takardar fili kuwa waya ba ta iya mata komai. Filaye da yawa a Badariya ko Gwadangaji takardar ciniki kawai gare su, mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan ta isa hana rigima da maƙwabci, amma banki shaidar mallaka ta gwamnati yake nema, wato C of O, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce jinginar da fili a birni sai da amincewar gwamna. Mai shirin gini zai haɗa da zanen da hukumar KUDA ta amince da shi, da rahoton ƙwararren mai ƙiyasta darajar kadara.

Sauran ba su da wuya: takardun albashi na watannin baya, bayanan asusu, shaidar biyan haraji ta shekara 3, wasiƙar wurin aiki da hotunan fasfo. A ɗauke su da sikana ta Google Drive ko Adobe Scan su zama PDF, don hoton da ya bi ta WhatsApp yakan dushe har hatimi ya daina karantuwa. A tafi da na asali duk da haka. Kuma duk “ejan” da ya ce a turo masa BVN da lambar sirri ya hanzarta fayil, a toshe shi.

Tambayoyi biyu sun cancanci a rubuta su a waya kafin a shiga: nawa ne biyan wata, tunda ƙa'ida ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu, sannan ga mai gudun riba, ko akwai tsari marar ruwa, irin wanda bankin Jaiz ke yi.