Kafin A Ce "Kashe Shi", A Bar Yaro Ya Ƙirga Ƙafafun

Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko a daminar bara ina gidan yayata a Unguwar Dosa. Ruwa na ɗaukewa, shinge ya taso ya yanyame ƙwan lantarkin tsakar gida. 'Yarta mai shekara huɗu ta kwasa da gudu ta shige ɗaki tana ihu, "Ƙwaro! Umma, ƙwaro!" Hajiyarmu kuwa ko a jikinta. Ta jawo roba ta zuba ruwa, ta ajiye a ƙarƙashin fitilar, ta ce, "Ke uwar ɗakina, fito ki ga nama. Wa ya ce miki ana gudun shinge?"

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yarinyar nan shekararta biyu tana zuwa nazare. Cikin jakarta akwai littafi mai hotunan ƙwarin ƙasar Turai, tana kuma rera sunayensu da Turanci tiryan-tiryan. Amma wanda ya shigo gidansu, wanda kakarta ta ci ta ƙoshi tun tana yarinya, ba ta san sunansa ba. A wurinta duk abin da ke rarrafe ko tashi sunansa ɗaya, hukuncinsa ma ɗaya, a ɗauko silifa.

Laifin namu ne manya. Bahaushe bai yi rowar suna ga ƙwari ba: fara da babe, gyare, gara da zago, tururuwa, cinnaka, kiyashi, kwarkwasa, rina, zanzaro, buzuzu, hangara, kurkuɗu, ƙoƙi-ƙoƙi, malam-buɗe-littafi. Kowane suna akwai sani a bayansa, na wanda ke cizo da wanda ba ruwansa, na wanda ake ci da wanda ko kaza ba ta kula shi, irin farar tumfafiya. Yaron ƙauye yana tsintar wannan a gona ba tare da an zaunar da shi ba. Yaron Malali ko Unguwar Sarki da ke tashi a gida mai daɓen siminti, sai an kai shi an nuna masa.

Kuma abin ban takaici ne a ce a Kaduna ake wannan rashin sani. A Unguwar Rimi, kan titin Surame, akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda aka kafa a 1947 don ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, ta koma ta Najeriya a 1964. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan masana suna zaune a garin nan suna nazarin ƙudan tsando, ƙudan da macensa ba ta zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje, tsutsa guda ɗaya take haifa a lokaci guda. Wanda ya fara gano haka zama ya yi ya zura ido, abin da ɗan shekara huɗu ya fi kowa iyawa idan ba a daka masa tsawa ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ma ta faɗa a fili cewa wasa shi ne babbar hanyar koyar da yaran da ba su shiga firamare ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa wannan mataki cikin abin da hukuma za ta kula da shi. Sai dai leƙa azuzuwan nazare da yawa ka ga abin da ake yi: yara talatin ko arba'in a kan benci, Anti na bugun allo da bulala, ana maimaita haruffa har a tashi. Iyaye ma mu ne ke matsa wa makaranta, muna so mu ga littafi cike da rubutu don mu tabbatar kuɗinmu bai faɗi ba.

Darasin farko ba ya bukatar ko sisi. A samu kwalbar roba mai haske, a huda murfinta, a sa fara guda ɗaya da ɗanyen ganye. A ce yara su ƙirga ƙafafunta. Shida. Gobe a kawo tururuwa, shida. Jibi kyankyaso, shida. Ran nan sai a kawo gizo-gizo, a yi shiru a bar su. Za ka ji wani ya ce, "Anti, wannan takwas ne!" To ranar yaron ya gano da kansa abin da masana suka raba halittun nan da shi: ƙwaro na ainihi ƙafa shida gare shi, jikinsa kashi uku, kai da ƙirji da ciki, ƙafafun duka a ƙirjin suke. Gizo-gizo da kunama da kaska dangi ne daban masu ƙafa takwas. Ga lissafi ya shigo, ga kwatance, ba a rubuta komai a allo ba.

Daga nan sai aikin hannu, wanda shi ne ke kafa abin a ƙwaƙwalwa. Ba sai an je kanti an sayo kayan waje ba. Yumɓu ko laka mai danƙo, a mulmula dunƙule uku a jera, a karya tsinken tsintsiya shida a soka a na tsakiya, an yi tururuwa. Yaron da ya soka ƙafafun a ciki, kada a gyara masa, a miƙa masa kwalbar ya sake dubawa. Karan dawa, wanda muka yi motar kara da shi muna yara, yana yin fara mai kyau: ɓargon ya zama jiki, ɓawon a lanƙwasa ya zama dogayen ƙafafun baya. Malam-buɗe-littafi kuwa sunansa ma ya koyar da yadda ake yin sa. A ninka takarda biyu, a ɗiga shuɗi ko jan garura a gefe ɗaya, a rufe a danna, a buɗe. Zanen dama ya fito daidai da na hagu, kamar yadda yake a fukafukin na gaske. Liƙi kuma ƙullun sitaci ko ƙaro ya isa.

Zanzaro ya cancanci a ba shi rana guda shi kaɗai. Kusan kowane aji akwai ɗan tulunsa na laka manne a kusurwar bango ko bayan taga. Yara sun san "yin zanzaro" tun ranar da aka sa musu kayan makaranta, amma ba su taɓa lura da siririn ƙugun da ya jawo sunan ba. Mu da muke yara an gaya mana wai zanzaro ba ya haihuwa, tsutsar wani yake sata ya rufe a ɗaki har ta rikiɗe ta zama ɗansa. Labarin da daɗi, amma ga abin da ke faruwa: uwar takan harbi tsutsa ko gizo-gizo ta sumar da shi, ta cusa a tulun, ta saka ƙwanta, ta liƙe ƙofa. Ɗanta na ƙyanƙyashewa ya tarar da abinci a ajiye. A fasa tsohon gidan da aka riga aka fita daga cikinsa, a nuna wa yara ɗakunan, sannan a ba su laka kowa ya gina nasa. Za su gane ginin ba wasa ba ne.

Mai bishiyar lemun tsami a gida ya duba ganyenta da damina. Akwai wata 'yar tsutsa da ke kama da kashin tsuntsu tana ƙarama, ta koma koriya in ta girma. A sa ta a kwali, a rufe da tsohon gidan sauro, a riƙa sa mata sabon ganyen lemun kullum. Za ta daina ci, ta maƙale a jikin tsinke ta sandare, yara su ce ta mutu. Bayan kamar mako biyu sai malam-buɗe-littafi mai baƙi da rawaya ya fito. A bar yaran su sake shi da hannunsu.

Akwai ƙwaron da sanin sa ya wuce nishaɗi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, mafi yawan waɗanda take kashewa kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, wato sa'o'in waɗannan da ke zaune a ajin. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a Indiya, amma har yau akwai manyan da ba su san 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ruwan tsohuwar taya su ne sauron gobe ba. Malama ta ɗebo ruwan a kwalba, ta ɗaure bakin da yanki na gidan sauro, ta ajiye inda hannu ba ya kaiwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sauro zai bayyana a cikin kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Wannan kam ba a sakin sa, a rana ake barin kwalbar har ya mutu. Yaron da ya ga haka da idonsa, shi zai riƙa bin gwangwanaye a gida yana kifewa.

Sai a kiyaye, don zuma da zaƙi take da harbi. Doka ɗaya za a kafa wa yara tun ranar farko: ido naka ne, hannu sai babba ya ce to. Kunama, shanshani, rina, kwarkwasa da tsutsa mai gashi, kallo daga nesa. Hangara in aka murje ta a fata takan tayar da bororo kamar ƙuna, don haka a koya musu hure ƙwaro daga jiki maimakon mari. Kada a ɗauko ƙwaro daga inda aka fesa fiya-fiya ko maganin gona. A guji ba 'yan shekara uku ƙwayar wake ko dutsen ado su yi idon ƙwaro da shi, don a hanci ko kunne yake ƙarewa. In an gama, a wanke hannu da sabulu.

Masu ganin wannan ɓata lokaci ne su tuna surori uku na Alƙur'ani sunan waɗannan ƙananan halittu suke ɗauke da shi: Nahli, Namli da Ankabut. Tatsuniyarmu ma Gizo da Ƙoƙi ne jagororinta, amma yara nawa ne a Kawo ko Badarawa aka taɓa nuna musu Ƙoƙin a kan ganye, ta haɗa hannuwa tana juya kai tana kallon mutum?

'Yar yayata dai a daren nan ta fito daga ƙarshe, tana riƙe da zanen kakarta. Hajiya ta ɗora mata shinge ɗaya a tafin hannu, ya zubar da fukafukansa huɗu ya kama tafiya. Ta ƙirga ƙafafun sau biyu, ta samu biyar, ta samu bakwai. Da aka soya da safe ta ƙi ci, amma ta kwashe fukafukan ta zuba a kwalin ashana, ta ce za ta kai wa Anti.