Wankin Kai da Kwandishana: Wa Ke Bukata, Wa Zai Iya Haƙura?

A ƙasar noma irin ta Kafur, kai ba ya samun hutu. Da damina gumi ne da feshin maganin ciyawa. Da kaka ƙurar masara ce da ƙaiƙayin dawa a wurin casa da shiƙa. Hunturu yakan shigo daga Nuwamba zuwa Fabrairu da iskarsa mai busar da fata, bazara ta biyo baya da zafin da ke jiƙa ɗankwali tun kafin azahar. Ga hayaƙin murhu kullum. Daga Gozaki zuwa Mahuta, daga Masari zuwa Ɗankanjiba, babu mai musun cewa kai yana son wanki. Inda ake rabuwa shi ne sau nawa, da me, sai kuma batun kwalbar da masu shaguna a Malumfashi da Funtua ke miƙo wa mace idan ta sayi shamfu, suna cewa, "Hajiya, ki haɗa da kwandishana." Shin dole ce, ko kuwa dabarar ciniki ce?

Amsar tana ga irin gashin mutum da abin da yake wanke shi da shi. Akwai kan da ba zai zauna lafiya ba sai da aikin da kwandishana ke yi, akwai kuma wanda sayenta asarar kuɗi ce gare shi.

Abin da sabulu ke yi wa gashi

Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, don haka idan ya lalace ba ya warkewa. Kowane sili yana lulluɓe da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar jeren ciyawar jinka. Idan sun kwanta, gashi ya yi santsi da sheƙi. Idan sun tashi, sai ya yi kaushi, silin ya riƙa sarƙe ɗan'uwansa. A gindin kowane sili kuma fata tana fitar da wani maiƙo da ke gangarowa ya shafe gashin. A miƙaƙƙen gashi maiƙon yana isa har ƙarshe cikin sauƙi. A gashinmu mai murɗewa kuwa, da ƙyar yake wuce gindi, shi ya sa bakin gashi ya fi bushewa. Kuma kowace murɗa a jikin silin wuri ne mai rauni da ke iya tsinkewa idan mataji ya ja.

Masana suna auna tsami da kaifi irin na kanwa da toka a kan ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya. Fatar kai tana wajen 5.5, wato tana da ɗan tsami. Sabulun wanka na yau da kullum yana tsakanin 9 da 10, kuma sabulun salo, da yake da toka ake haɗa shi, yana cikin wannan sahu. Omo ya fi su kaifi. Duk abin da ke da irin wannan kaifi yana kumbura sili, ya ɗaga ɓawonsa, ya kwashe maiƙon gaba ɗaya. Wannan ne ya sa mace za ta wanke kai da omo ta ji ya fita tas, amma da ta sa mataji sai hawaye. Inda ruwan rijiya ko burtsatse ba ya barin sabulu ya yi kumfa, matsalar ta ƙaru, domin ma'adinan ruwan suna haɗuwa da sabulun su bar wata farar dauɗa a jikin gashi.

Shamfu ya fi sabulu sauƙi a wannan fanni, yawancinsa yana tsakanin 5 da 7. Kamfanin Schwarzkopf na Jamus ya fito da shamfu na ruwa a 1927, sannan a shekarun 1930 aka fara yin wanda babu sabulu a cikinsa. Duk da haka shi ma aikinsa cire maiƙo ne, kuma ba ya bambanta maiƙon datti da wanda gashi ke bukata. Giɓin da ya bari shi kwandishana take cikewa.

Aikin kwandishana da iyakarta

Gashin da aka wanke yana ɗauke da wani ɗan cajin lantarki, musamman a wuraren da suka lalace. Sinadaran kwandishana suna ɗauke da kishiyar wannan caji, don haka suna mannewa a daidai wuraren, su kwantar da ɓawon, su bar wani siririn lulluɓi mai santsi. Sai mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba. Iyakar aikinta ke nan.

Ba ta sa gashi tsiro, ko me aka rubuta a jikin kwalba. Gashi daga saiwa yake tsiro, kimanin santimita 1 a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka. Mafi yawan matan da ke kukan "gashina ba ya tsawo" gashin nasu yana tsiro, sai dai abin da ya ƙaru a gindi yana karyewa a baki. A nan ne kwandishana ke taimakawa, ta hana asarar abin da aka riga aka samu. Bakin gashin da ya riga ya tsage kuwa, almakashi ne kaɗai maganinsa.

Kowane kai da nasa tsari

Wani mai gyaran gashi a Amurka, Andre Walker, ya kasa gashi gida huɗu a 1997: miƙaƙƙe, mai ɗan lanƙwasa, mai naɗewa, da mai murɗewa sosai. Yawancin mutanenmu suna gida na huɗu, wasu a na uku. Amma a ƙasarmu yadda ake riƙon kan ya fi wannan rabo muhimmanci.

Namiji mai zuwa wurin wanzami ko shagon aski duk mako biyu ba ya bukatar kwandishana. Gashinsa bai kai tsawon da maiƙon fata zai kasa rufe shi ba, kuma kafin ya lalace an aske shi. Abin da ya kamata manomi ya kula da shi daban ne: duk ranar da ya goya tankin feshi, ya wanke kansa da gemunsa da sabulu a ranar, ya wanke hular ma, domin maganin ƙwari da na ciyawa suna shiga jiki ta fata.

Mace mai gashi cikakke mai murɗewa, wadda ba ta taɓa sa masa komai ba, ita ce ta fi amfana. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba masu irin wannan gashi shawarar wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu, da sa kwandishana a duk wanki. Lokacin kaka, ko tsakiyar bazara, mako ɗaya ya fi dacewa. Da hunturu kuwa a yi hattara da ruwa mai zafi sosai, domin yana ƙara bushewa.

Mai gashi mai laushi da santsi, irin wanda ake yawan gani a gidajen Fulani, takan ga kanta ya yi maiƙo da wuri. Ita tana iya wanki sau biyu a mako, kuma kwandishana kaɗan ta ishe ta, a rabin gashin na ƙasa kawai. Idan ta cika, gashin ya yi nauyi ya kwanta.

Wadda ta sa rilaksa ba ta da zaɓi. Kaifin man miƙar da gashi yana kai wa 12 zuwa 13, har ya wuce, kuma yana aiki ne ta karya ƙullin da ke riƙe da ƙarfin sili. Irin wannan gashi dole a bi shi da kwandishana a duk wanki, da sitimin lokaci zuwa lokaci. Kada a sake sa man sai bayan wata biyu zuwa uku, kuma a sabon tsiro kaɗai. Wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da aka wallafa a 2022, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi ninka waɗanda ba sa amfani da shi wajen haɗarin sankarar mahaifa. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai yanke hukunci cewa man ne sanadi ba, amma ya isa dalilin rage yawansa da nisanta shi daga kan ƙananan yara.

Ranar tsifa

Mafi yawan ɓarnar da gashin mace ke gamuwa da ita a ranar tsifa take faruwa. Mutum lafiyayye yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. A cikin kitso, ko shuku ne ko kalaba, waɗannan silin ba su da hanyar faɗuwa, suna nan maƙale. Kitson mako huɗu ya tara aƙalla 1,400. Idan aka tsefe aka zuba ruwa da sabulu kai tsaye, matattun silin su dunƙule da rayayyu, sai a koma fizga. Abin da ya dace shi ne a raba kan gida huɗu ko shida, a shafa abu mai santsi, a warware da yatsu, sannan a taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi. Bayan nan a wanke. Shamfu na fatar kai ne, a cuɗa da tafin yatsu ban da farce. Kwandishana ta jikin gashi ce, a bar ta minti biyu zuwa biyar, a ɗauraye.

Masu kitso su ma suna da nasu alhakin. Kitson da ya sa yarinya ta kasa runtse ido, ko ya fito da ƙuraje a goshi, yana tuge saiwa ne. Idan aka daɗe ana haka, gashin gaba ya tafi ke nan, babu man da zai dawo da shi.

Wankan ibada ba ya tilasta wankin sabulu. A hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sai ta warware kitsonta domin wankan janaba, ya nuna mata cewa zuba ruwa sau uku a kai ya wadatar. Abin nema shi ne ruwa ya isa fata. Amma a bari kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali da hijabi, domin jiƙaƙƙen kitso a rufe shi ne tushen warin kai da ƙaiƙayi.

Karkashi, magarya da man kaɗe

Tun kafin kwalba ta iso kasuwanninmu, mata sun san karkashi. Wannan ganye na miya, idan aka jiƙa shi a ruwan ɗumi aka tace, yana ba da yauƙin da ke sa yatsu da mataji su ratsa gashi. A Cadi ana kiransa ambunu, kuma yanzu ana ƙulla shi ana sayarwa har Turai da Amurka domin wannan aiki. Wajen warware gashi yana yin babban ɓangare na aikin kwandishana, sai dai santsinsa yana tafiya da ruwan ɗauraya. A haɗa na amfanin ranar kaɗai domin yana saurin lalacewa, kuma kada a zuba masa kanwa kamar ta miya, don ita ce kaifin da ake gudu. Garin ganyen magarya kuma yana wanke kai a hankali, ba tare da ya bushe shi ba. Wadda ba ta da abin wanki sai sabulu tana iya matse lemon tsami kaɗan a kwanon ruwa ta yi ɗaurayar ƙarshe, in dai babu rauni a kan.

Man kaɗe, man shanu da man kwakwa aikinsu daban ne. Suna tsare danshin da ke cikin gashi ne, saboda haka a shafa su lokacin da gashin bai gama bushewa ba. Man kwakwa yana iya shiga cikin silin, shi ya sa shafa shi kafin wanki ke rage lalacewa. Amma labta mai a fatar kai don maganin amosani kuskure ne, domin ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci. Amosani yana son shamfu mai magani, irin mai ɗauke da ketoconazole, a bar shi minti uku zuwa biyar kafin ɗauraya. Makeron da ke cin kan yara kuwa ba ya jin shamfu kaɗai, sai da maganin sha daga asibiti, kuma a raba wa yaron matajinsa da hularsa da askarsa.

Yadda za ki gane bukatarki

Matajinki zai faɗa miki gaskiya fiye da mai shago. Ki ɗebi gashin da ya maƙale a jikinsa ki duba a wuri mai haske. Idan dogaye ne, da ɗan farin ɗigo a gindinsu, zubar da aka saba gani ce, kuma takan ƙaru wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa sannan ta lafa da kanta. Idan gutsattsari ne gajeru marasa ɗigo, karyewa ce, gashinki yana neman santsi. Ki fara da barin omo da kanwa, ki nemi mataji mai manyan haƙora, ki jiƙa karkashi ranar tsifa. In da hali, ki ƙara da kwandishana. In kuwa gashin yana fita fili-fili, ko fatar tana ruwa, ko zubar ta zo da jiri da kasala irin na ƙarancin jini, batun ya wuce shago, ki nufi asibiti.